Kumburin bakin mahaifa da ya ƙi warkewa ga mata masu ƙuruciya: tambayoyi da amsoshi

Mata da yawa 'yan shekara ashirin zuwa talatin suna shafe shekaru suna yawo tsakanin kemis, mai maganin gargajiya da ɗakin gwaji, kowa yana ce musu sanyi ne, ba tare da an taɓa duba bakin mahaifarsu da ido ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi fitowa daga bakinsu idan suka samu wanda zai saurare su. Amsoshin ba su maye gurbin ganin likita ba, amma za su sa ki san abin da ya kamata a yi miki idan kin je.

Mene ne kumburin bakin mahaifa?

Bakin mahaifa shi ne ƙarshen mahaifa ta ƙasa, inda ta leƙo cikin farji. Tsawonsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, kuma akwai siririyar kafa a tsakiyarsa wadda jinin haila ke fitowa ta cikinta, maniyyi kuma ke shiga. Idan ƙwayar cuta ko wani abu mai ƙarfi ya taɓa fatar wurin, sai ta yi ja, ta kumbura, ta riƙa fitar da ruwa mai kama da mugunya, kuma da an ɗan goge ta sai jini. Idan abin ya ɗauki watanni, ko ya riƙa tafiya yana dawowa, shi ne likitoci ke ce wa kumburi mai daɗewa.

Ta yaya zan gane ina da shi?

Sau da yawa ba za ki gane ba, kuma nan ne matsalar take. Mata da yawa masu ɗauke da shi ba sa jin komai sai ranar da aka duba su don wani dalili daban. Waɗanda yake nuna wa alama sukan ga ruwa rawaya ko mai duhu-duhu yana ɓata musu kamfai, ko ɗigon jini bayan saduwa, ko jini tsakanin haila da haila. Wasu kan ji zafi can ciki lokacin saduwa, wasu zafin fitsari, wasu kuma nauyi a mara.

Ki lura da wani abu: ba kowane farin ruwa ne ciwo ba. Ruwa mai yauƙi, marar wari, marar ƙaiƙayi, da ke ƙaruwa a tsakiyar wata lokacin sakin ƙwai, alamar lafiya ce. Haka kuma farin abu mai gudaji-gudaji da ke zuwa da ƙaiƙayi mai tsanani yawanci a farji yake, bai shafi bakin mahaifa ba, kuma maganinsa daban ne.

Me ke kawo shi?

Manyan biyun su ne kilamidiya da gonoriya, wadda aka fi sani da ciwon sanyi, kuma duka ta saduwa ake ɗaukarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an samu sabbin kamuwa da kilamidiya miliyan 129 da gonoriya miliyan 82 tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49 a duniya. Bayan su akwai tirikomonas mai sa ruwa mai kumfa da wari, da ƙwayar hapis mai sa ƙuraje masu zafi, da wata ƙaramar ƙwaya da ake kira maikofulazma wadda ke da taurin kai ga magani.

Sai kuma rukuni na biyu da ba ta saduwa ake ɗaukarsa ba: abubuwan da ake cusawa a gaba, wanke can ciki da sabulu ko Dettol, rashin jituwar jiki da robar kwaroron roba ko man da ke jikinsa, da rikicewar ƙwayoyin kirki da ke tsare farji, wadda ke sa wari irin na kifi. A mata masu yawa kuwa, ko an yi duk gwajin da ya kamata, ba a samun ƙwayar cuta ko ɗaya. Wannan sanannen abu ne a likitance, ba gazawar mai gwaji ba ne.

An ce mini a bayan gida na ɗauka. Gaskiya ne?

A'a. Kilamidiya da gonoriya ba sa rayuwa a kan masai ko bakin shadda har su hau jikin mace su kai bakin mahaifa. Ana faɗin haka ne saboda ya fi sauƙi a baki, babu wanda zai ji kunya, babu wanda za a zarga. Amma illar maganar babba ce: muddin mace ta yarda daga bayan gida ne, ba za ta yi tunanin a yi wa mijinta magani ba, shi ma ba zai ga dalili ba. Tsabtar bayan gida tana da amfaninta, sai dai ba ita ce za ta raba ki da wannan ciwon ba.

Me ya sa ya fi damun masu ƙuruciya?

Fata iri biyu ce a bakin mahaifa. Ta waje mai kauri ce, hawa-hawa, launinta ruwan hoda. Ta cikin kafar kuwa siririya ce, shimfiɗa ɗaya tak, ja wur. A jikin 'yan mata, da masu ciki, da masu shan ƙwayar tazarar haihuwa, wannan jar fatar takan leƙo waje ta zagaye kafar saboda aikin sinadarin mata na isturojin. Ita ce kilamidiya da gonoriya suka fi kamawa, don haka yarinyar da aka aurar tana da shekara 16 ko 17 ta fi matar da ta haura talatin saurin ɗauka idan mijin yana da cutar.

Wannan leƙowar jar fata ita kanta ba ciwo ba ce. A da akan ce wa mace bakin mahaifarta ya zaizaye ko ya yi gyambo, har yau ma wasu na faɗin haka, sai hankalinta ya tashi. Babu abin da ya zaizaye. Yawanci fatar kan koma ciki da kanta yayin da shekaru ke tafiya. Abin da ake buƙata shi ne mai dubawa ya bambance ja na halitta da ja na cuta, ya kuma tabbatar da gwaji.

Na sha magani ya fi a ƙirga, amma da ya lafa sai ya dawo. Ina matsalar take?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma amsarta kan faɗa cikin abubuwa kaɗan.

Na farko, kuma mafi yawa: an yi miki magani, ba a yi wa maigida ba. Kin warke ranar Juma'a, kin sake ɗauka kafin wata Juma'ar. Yi wa mace magani ita kaɗai ɗiban ruwa ne da kwando.

Na biyu, maganin bai dace da cutar ba. Ampiclox da ake saye biyu-biyu a kemis ba shi ne maganin kilamidiya ba. Sifuro (Cipro), wanda a da yake kashe gonoriya, yanzu ƙwayar ta bijire masa a ƙasashe da yawa har an daina dogara da shi. Maganin cusawa na ƙaiƙayi kuwa ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Ga kuma yanke magani: na kwana 7 a sha kwana 3, da ruwan ya ragu a ajiye sauran don gaba.

Na uku, ana shan magani ta sama ana ƙona wurin ta ƙasa da matsi, wanda za mu zo kansa.

Na huɗu kuma shi ne wanda ba a cika faɗa ba: wata ba ta da sauran cuta ko kaɗan. Ruwan da take gani na halitta ne ko na waccan jar fatar, amma tsoro ya sa take ta shan maganin kashe ƙwayoyin cuta wata bayan wata. Magungunan kuma suna kashe ƙwayoyin kirki da ke tsare farji, sai ƙaiƙayi ya biyo baya, sai ta ƙara tabbata sanyin ne ya dawo, sai ta koma kemis. Irin wannan matar, babban taimakon da za a yi mata shi ne a duba ta da kyau, a gwada, a ce mata ta dakata da komai.

Shin matsi da tsuguno suna da hannu?

Matsi yana da hannu ƙwarai. Farji yana da ɗan tsami na halitta, wanda wasu ƙwayoyi masu amfani ke samarwa, kuma tsamin ne ke hana miyagun ƙwayoyi zama. Alif, garin bagaruwa, miski, kanumfari, tafarnuwa, gishiri da haɗe-haɗen da ake sayarwa a ƙananan kwalabe ba tare da an san abin da ke ciki ba, duk suna busar da fatar, su kashe masu tsaron, wani lokaci su ƙona wurin. Matsewar da mace ke ji bayan ta sa alif, bushewa ce da kumburi. Busasshiyar fata kuwa tana tsagewa lokacin saduwa, tsagar kuma ƙofa ce ga kowace cuta, har da ƙanjamau.

Na san ba don wasa mata ke yi ba. Amarya ce ake gaya wa haka ake riƙe miji, mai jego ce ake tsorata ta da cewa ta buɗe, mai kishiya ce ke tsoron a fi ta. Damuwar gaskiya ce, amma hanyar tana cutarwa. Ruwa mai tsabta a wanke waje ya wadatar, ciki yana wanke kansa. Tsuguno a kan turare shi ma a yi hattara da shi, domin zafi da hayaƙi suna iya ƙona fata mai laushi, kuma ba sa kashe cutar da ke can bakin mahaifa. Idan kina kan magani, ki ajiye su duka, kuma ki gaya wa likita gaskiyar abin da kike sawa. Ba don ya yi miki faɗa ba, don kada ya yi ta neman cutar da babu ita.

Wane gwaji ya kamata a yi mini? Na yi hoton ciki an ce akwai sanyi.

Hoton ciki ba ya nuna kumburin bakin mahaifa, kuma ba ya faɗin sunan ƙwayar cuta. Yana da amfani wajen ganin ƙurji a gefen mahaifa, ko ciki a wajen mahaifa, ko ƙari. Ɗan ruwa kaɗan da akan gani a bayan mahaifa yana iya zama na sakin ƙwai kawai. Don haka takardar hoto ita kaɗai ba hujjar shan allurai goma ba ce.

Abin da ake buƙata shi ne a ga bakin mahaifar da ido, a ɗauki ruwa daga kafarsa da ɗan tsinke mai auduga. Alamu biyu likita ke nema: ruwa mai mugunya da ke fitowa daga kafar ko ya ɓata audugar da rawaya, da jinin da ke fita da an ɗan taɓa wurin.

Gwajin da aka fi yi a ɗakunan gwajinmu, wanda ake rubutawa HVS, daga cikin farji ake ɗauka a shuka. Yana iya nuna tirikomonas ko cutar ƙaiƙayi, amma kilamidiya ba ta tsirowa a irin wannan shukar, gonoriya ma sau da yawa takan mutu kafin a kai ta. Sakamakon kan fito da sunan wata ƙwaya da dama can tana zaune a fatar kowa, sai a jera magunguna a ƙasa, mace ta kashe kuɗi a kan abin da ba shi ke damunta ba. Gwajin da ya fi inganci ga kilamidiya da gonoriya shi ne mai neman ƙwayar halittar cutar, irin na PCR, ana yin sa da ruwan gaba ko fitsari. Ya fi tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba, an fi samunsa a asibitocin koyarwa da manyan ɗakunan gwaji. Inda babu shi, ma'aikatan lafiya kan bi alamu su ba da maganin da ya haɗa cututtukan biyu a lokaci ɗaya, kuma hanya ce karɓaɓɓiya idan an bi ƙa'idarta. A haɗa da gwajin ciki, na ƙanjamau da na tunjere.

Ina jin kunya da tsoron dubawar. Yaya ake yi?

Za ki kwanta rigingine, a rufe ki da zane, ki tanƙwara gwiwoyi. Mai dubawa zai sa safar hannu, ya shafa wa wata na'ura mai baki biyu ɗan ruwa ko man santsi, ya zura ta a hankali, sannan ya ɗan buɗe ta ya haska fitila. Za ki ji sanyin ƙarfen da ɗan tokari, ba zafi mai tsanani ba, musamman idan kin saki jiki kina numfashi ta baki. Ɗaukar ruwan daƙiƙoƙi ne. Daga nan zai sa yatsu biyu ciki, ɗaya hannun a kan mara, ya motsa bakin mahaifar. Idan motsin ya sa kin zabura don zafi, alama ce cutar ta haura sama. Duka-duka 'yan mintuna ne.

Kina da haƙƙin neman mace ta duba ki, ko a tsayar da nas a ɗakin, ko ki ce a dakata idan kin ji zafi. Budurwar da ba ta taɓa saduwa ba ba a sa mata na'urar, kuma ita da wuya matsalarta ta zama daga bakin mahaifa. Kada ki wanke ciki ko ki cusa wani magani kwana biyu kafin zuwa.

Wane magani ake bayarwa?

Likita ne zai zaɓa, amma yana da kyau ki san tsarin. Na kilamidiya, doksisaikilin miligiram 100 safe da yamma har kwana 7, ko azitromaisin giram 1 a sha sau ɗaya. Na gonoriya, allurar seftirayakson guda ɗaya. Tirikomonas da warin kifi, metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, sau biyu a rana kwana 7. Idan an yi wannan duka, an yi wa miji, alamun ba su tafi ba, sai a yi tunanin maikofulazma, wadda kan buƙaci wani magani na daban.

Doksisaikilin a sha shi da cikakken kofin ruwa, kada a kwanta nan take, kuma a raba shi da madara, nono ko ƙwayar ƙarin jini da kamar awa biyu. A ƙaurace wa saduwa har kwana 7 daga fara magani kuma har kowa ya gama nasa. Wadda aka samu da kilamidiya, gonoriya ko tirikomonas ta koma a sake gwada ta bayan wata 3, domin sake kamuwa ya yi yawa.

Maigidana ya ce lafiyarsa ƙalau, ba zai sha komai ba. Yaya zan yi?

Yana iya jin lafiya ƙalau kuma yana ɗauke da ita, domin kilamidiya da tirikomonas kan zauna a jikin namiji shiru. Kuma samun cutar ba shaida ce ta cewa wani ya ci amana kwanan nan ba. Tana iya daɗewa a jiki ba a sani ba, tana iya zuwa daga auren baya na miji, ko na mata, ko na abokiyar zama. Neman mai laifi ba ya warkar da kowa.

Abin da ya fi aiki shi ne likita ya rubuta masa takarda ko ya kira shi ya yi masa bayani da kansa, don maza kan fi karɓar magana daga can. A gidan da ke da mata biyu ko fiye, dole maganin ya game kowa a mako ɗaya, miji da dukkan matan, ko da wata ba ta jin komai. In ba haka ba cutar za ta yi ta bin rabon kwana tana zagaye gidan. Ga mazan da ke karanta wannan: zuwa asibiti tare da iyalinka ba zubar da girma ba ne, kuma haihuwar da kake nema tana cikin abin da kake karewa.

Ina da ciki. Zan iya shan magani?

Za ki iya, kuma ya zama dole, amma ba kowanne ba. Mai ciki ba ta shan doksisaikilin, azitromaisin ake ba ta, allurar seftirayakson ma ba ta da matsala. Barin cutar yana iya jawo fashewar faya kafin lokaci, haihuwar bakwaini, ko jariri ya fito da ciwon ido mai mugunya, wanda na gonoriya kan iya makantar da shi. Ki faɗa a wurin awo, kada ki jira.

Zai hana ni haihuwa?

Kumburin da ya tsaya a bakin mahaifa kuma aka magance shi ba ya hana haihuwa. Haɗarin yana zuwa ne idan ƙwayar ta haura cikin mahaifa da bututun ƙwai. Kimanin mace 10 zuwa 15 cikin 100 masu kilamidiyar da ba a magance ba sukan kai ga wannan. Bututun kan warke da tabo, tabon ya toshe hanya ko ya ƙuntata ta, sai a samu rashin haihuwa, ko ciki ya zauna a bututu, ko ciwon mara na shekaru. Magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya goge tabon da ya riga ya samu, kuma duk sake kamuwa yana ƙara haɗarin. Shi ya sa watannin da ake ɓatawa ana gwada jiƙe-jiƙe suke da tsada.

Ina ganin jini bayan saduwa. Kansa ce?

Ga mai ƙuruciya, yawanci kumburi ne, ko waccan jar fatar, ko ɗan tsiro marar illa. Amma ba a yanke hukunci sai an duba, domin kansar bakin mahaifa ma da haka take farawa. Mata da yawa kan kai maganar jinin da ke zuwa ba lokacin haila ba wurin malam don sanin hukuncin salla da azumi, kuma daidai ne, sai dai a haɗa da asibiti.

Kumburin shi kaɗai ba ya rikiɗewa ya zama kansa. Wata ƙwayar cuta da ake kira HPV ce ke kawo kansar bakin mahaifa, kuma nau'i na 16 da na 18 ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar fara gwajin tantancewa daga shekara 30, ko 25 ga mai ɗauke da ƙanjamau. Nijeriya ta shigar da rigakafin HPV cikin alluran yau da kullum a watan Oktoba na 2023, kyauta, ga 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14. Idan kuma takardar gwajinki ta ce akwai kumburi mai daɗewa alhali ba kya jin komai kuma ba a samu cuta ba, wannan abu ne da ake yawan gani ga matan da suka haihu, kuma sau da yawa ba ya buƙatar magani.

Na tashi a bakin rafi, na taɓa yin tsargiya. Tana da alaƙa?

Tana iya kasancewa, kuma ana yawan mantawa da ita. Ƙwan tsutsar tsargiya ba a mafitsara kaɗai yake maƙalewa ba, yana zama a bakin mahaifa ya sa tabo mai kama da yashi, da ruwa, da jini bayan saduwa. Macen da ta girma tana wanka, wanki ko aikin shinkafa a dam, fadama ko kududdufi, kuma maganin sanyi ya ƙi yi mata aiki, ta gaya wa likita wannan tarihin. Maganinta firazikwantel ne, ana auna shi da nauyin jiki.

An ce sai an ƙona mini bakin mahaifa. In yarda?

Ki fara tambaya: an gwada an tabbatar babu cuta? An yi gwajin tantance kansa? Ƙonawa da zafi ko daskarewa da sanyi yana da wurinsa, wato idan jar fatar tana zubar da ruwa ko jinin da ya dami mace bayan an kawar da sauran dalilai, ko idan an ga sauyin da ke iya zama kansa. Ba ya kashe kilamidiya ko gonoriya, kuma ba a yin sa a kan wurin da ke da cuta. Bayan an yi, ruwa kan zuba na makonni, kuma ana barin saduwa kamar mako 4. Mai jar fatar da ba ta damunta da komai ba ta buƙatarsa.

Yaushe ne ba zan jira gobe ba?

Idan ciwon mara ya yi tsanani tare da zazzaɓi, amai ko ruwa mai wari, ki tafi asibiti a ranar. Haka idan hailarki ta yi jinkiri sannan kika ji ciwo a gefe ɗaya na mara da ɗigon jini, jiri ko suma, domin yana iya zama ciki a bututu, kuma fashewarsa na kashewa cikin awoyi. Wadda ta fara maganin cutar da ta haura sama kuma ba ta ji sauƙi ba cikin kwana 3, ta koma a sake duba ta. Mai ciki da ta ga jini ko ruwa na zuba ita ma ta tafi nan take, ko da dare ne.